Mun Yi Kirsimeti a Ƙasar Waje

A Kano ko Kaduna, idan mutum ya ce zai tafi ƙasar waje, har filin jirgi ake raka shi, a yi addu'a, mata su share hawaye da bakin mayafi. A Illela kuwa, ka ce za ka ƙasar waje, amsar da za ka samu ita ce: "To, in za ka dawo da la'asar ka riƙo mini taliya." Tamu ƙasar wajen tana nan bayan gari. Akuyar da ta tsinke igiya takan karya kumallo a Najeriya, ta yi kiwon hantsi a Nijar, ta dawo gida kafin magariba, ba wanda ya tambaye ta takarda.

Duk da haka kalmar nan "waje" tana da asirin da ko boka bai mallaka ba. Shinkafa in 'yar waje ce ta fi daraja, ko da ta shekara biyar a sito. Takalmi in ɗan waje ne ya fi kyau, ko da wani Bature ya taka shi har ya gaji. Mutum kuwa in ya leƙa waje sau ɗaya, to har ya mutu ba zai sake buɗe baki ba sai da "ai a can ba haka ake yi ba."

Mu huɗu ne tun firamare. Akwai ni. Akwai Alhaji, dillalin shanu a karar Illela ta ranar Lahadi, wanda bai taɓa zuwa Makka ba, sunan ya same shi ne don an haife shi ranar da kakansa ya dawo daga aikin hajji. Akwai Ɗan Ingila, wanda ya yi shekaru a can ya zo hutu da wani irin harshe mai santsi. Sai Mushe, wato malamin makaranta a bakin mutanen Nijar, abokinmu Kirista wanda mahaifinsa ya yi ɗinki a Illela shekara da shekaru kafin ya koma ƙauyensu kusa da Galmi, a Nijar. Shi ne ya aiko mana cewa bana sai mun je mun ci shinkafar Kirsimeti a gidansu, tunda ya ci naman layyarmu ya fi sau ashirin bai rama ba.

Kafin mu gama shawarar ranar tafiya, Alhaji ya riga ya hau Facebook: "Hutun ƙarshen shekara a ƙasar waje tare da aminai. A sa mu a addu'a." Ya haɗa da hoton jirgin sama. Abokan cinikinsa na Kano da Legas suka yi ta zuba "Allah ya tsare hanya." 'Yan Illela da suka san dawar garin suka yi shiru, don kowa yana da irin tasa ƙaryar a ajiye, kuma wanda ya tona ta wani, tasa ma ba za ta kwana ba.

Ni dai abin da ke ba ni dariya, wannan alfarma ta Alhaji ƙishirwar Faransawa ce ta ba shi ita. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna suka zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, kuma Birnin Ƙonni, garin da ke tsallaken iyaka daga Illela, a ciki yake. Sai Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram babu rijiyoyin kirki, suka yi ta ƙorafi, aka sake jan layin a 1904 da 1906, Ƙonni ta faɗa wancan ɓangaren. Da raƙuman Faransawa sun sami ruwa, da yau Ƙonni ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, Alhaji kuma da sai dai ya rubuta "na je unguwa."

Ranar tafiya ya fito da akwati mai taya da rigar sanyi irin ta 'yan Rasha, wai ai ƙasar waje sanyi gare ta. Ɗan Ingila ya fito da gajeren wando, da tabarau, da katon ɗin ruwan roba, wai Afirka zafi gare ta. Afirkar da aka yanke masa cibiya a cikinta, a bayan kasuwa.

A bakin iyaka Alhaji ya zaro sabon fasfo, fil, ko lanƙwasa babu. Burinsa a duniya a buga masa hatimi. Mai kakin da ke zaune a inuwa ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce: "A'a, Alhaji! Yau kuma da littahi? Ina ragon da munka yi magana?" Ashe tsohon abokin ciniki ne. Alhaji ya yi ta miƙa fasfo, mutumin ya yi ta zancen rago. A gefe guda 'yan kabu-kabu suna wucewa da buhuna, wasu karo na biyar ke nan tun safe, ba wanda ya taɓa kiran kansa matafiyi. Iyakar nan dai an sha rufe ta. An rufe a Agustan 2019 aka buɗe a Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka buɗe a Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe, manyan motoci ne ke yin layi. Jakuna kam ba sa sauraren rediyo, ba su ji sanarwar ba.

Wurin 'yan canji aka fara rage mana girman kai. Alhaji ya zube damin naira mai kauri kamar bulo, aka miƙo masa 'yan takardun sefa da ba su cika aljihun gaba ba. Ya juya su, ya sake juyawa, ya ce a zamanin babansa naira ce ke taka sefa. Ɗan canjin ya ce: "Awo, Alhaji, zamanin babanka." Amma nan take ya gano abin da zai huce da shi. Mutanen Nijar da dala suke lissafi, kowace dala sefa 5 ce. Da muka sha fura ta dala ɗari, wato sefa 500, sai ga shi a Facebook: "Rayuwar waje akwai tsada. Fura kawai dala ɗari." Bai yi ƙarya ba ko ta harafi ɗaya. Wani daga Kano ya rubuto: "Manya gatan wasa."

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Layin Najeriya ne, bai ko san mun bar ƙasa ba. Wani mai bin sa kuɗin bijimi ne. Alhaji ya ce: "Ina ƙasar waje, sai na dawo." Mutumin ya ce: "To waiwayo, ga ni wurin mai tsire."

Ba mu gama da wannan ba sai wata tsohuwa ta dafa masa kafaɗa, ta kira shi da sunan da aka daina kiransa da shi tun yana yawo ba wando. Gwaggonsa ce, ƙanwar mahaifinsa, aure ya kawo ta Ƙonni tun kafin a haife mu. Ta ce: "Kai, ɗan nema! Kawunka ya rasu wata ukku ba ka zo gaisuwa ba, kullum ka ce nisa. Yau mi ya kawo ka?" Alhaji ya durƙusa da rigarsa ta 'yan Rasha a tsakiyar tasha yana "Gwaggo, a yi haƙuri." Wannan hoton bai shiga Facebook ba.

Daga Ƙonni muka bi kwalta gabas, muka wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, muka wuce Malbaza mai kamfanin siminti. Tun kafin ka ga Galmi hancinka zai gaya maka ka iso. Garin albasa ne, wadda sunanta ya kai har Abijan da Akara, jar nan mai yaji da ke sa ƙato kuka. Can kuma akwai asibitin mishan da ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950, wanda 'yan Najeriya ma ke tsallakawa su je. Manyanmu in kai ya sara musu sai Landan ko Dubai. Talakan Gwadabawa shi ma yana zuwa neman magani ƙasar waje, sai dai shi a bayan akori-kura yake tafiya, kuma ba a sanarwa a jarida.

Inna, mahaifiyar Mushe, ta tarbe mu da guɗa: "Maraba da ɗiyana! Lale, lale!" Kafin a shimfiɗa tabarma Ɗan Ingila ya zaro waya ya shiga aiki. Ya ɗauki hoton turmi. Ya ɗauki hoton jaki daga gaba, ya zagaya ya ɗauka daga baya. Ya tsaya gaban rumbu yana kaɗa kai kamar ya ga dalar Fir'auna, ya ce abokansa Turawa za su so wannan, domin shi ne "rayuwa ta asali." Sannan ya juyo ya ce: "Inna, wannan ma me ake ce masa?"

Inna ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce: "Ba kai ne ka faɗa cikin irinsa gidan ubanka kana satar gyaɗa, sai da anka jawo ka da ƙafa ba? Ko shi ma an ɗauki hoto?"

Abin nan yana ba ni mamaki. Ƙauyen da muke gudu, wanda in an ce wa mutum "baƙauye" sai a yi dambe, da zarar wani ya dawo daga Turai ya nuna shi da waya sai ya zama abin sha'awa. Alhaji da ke hana 'ya'yansa zuwa ƙauyen kakanninsu wai kada su kwaso ƙazanta, sai ga shi ya karɓi taɓarya yana daka don a ɗauke shi. Sau uku ya buga, na huɗu ya sami gefen turmi, gero ya watse, kaji suka yi Kirsimetinsu tun jajibiri.

Da aka kawo fura, Ɗan Ingila ya tambaya ko an tafasa ruwan. Aka ce daga rijiya yake. Ya ce zai ɗanɗana ludayi ɗaya don kada Inna ta ji ba daɗi. Da ƙyar muka ƙwace ƙwaryar.

Da dare ya nemi a nuna masa itacen Kirsimeti, irin mai fitilu. Mushe ya ja shi bakin gona ya nuna masa gawo. Ya ce duk itatuwan dajin nan sun kaɗe, gawo kaɗai ke fitar da ganye da rani ya zubar da damina, in ana neman itacen da ya san da zuwan Disamba to ga shi, fitilu kuma ya ɗaga kai sama. Hunturu kuwa ya sauko da gaske. Alhaji ya shige rigarsa yana murmushin wanda ƙaryarsa ta zama gaskiya. Mutumin da ya sha ba mu labarin dusar ƙanƙara ya kwana cikin zanen Inna biyu da buhun albasa a ƙafa, haƙoransa na kaɗa kalangu.

Da safe suka tafi coci, ɗan gini mai rufin kwano. Can "Nowel" suke cewa. Mu muka zauna gindin bedi muna jiyo waƙoƙi da ganga, duk da Hausa, karatun ma daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa tun 1932. Ɗan Ingila ya ɗan ji haushi, ya so a ce da wani yare ake yi wanda ba ya ji, don bidiyon ya fi armashi.

Sai batun abinci. Tun a mota Alhaji ya ba da fatawa cewa shi fa ba zai ci ba sai ya san wanda ya yanka. Irin fatawar da akan ji kowace shekara daga bakin mutanen da ke hana cin shinkafar maƙwabta da rana, da magariba kuma su tura yaro da kwano ta ƙofar baya. Mushe bai ce komai ba. Da aka zo yanka rago sai ga mahaucin garin, Musulmi, ƙanin liman, ya fuskantar da shi gabas ya yi bisimilla, kamar yadda yake yi musu kowace shekara. Kwanuka suka yi ta fita gida-gida, har gidan liman, kamar yadda nasu ke shigowa ranar Tabaski, wato sallar layya. Alhaji ya ce tunda haka ne zai taɓa kaɗan saboda zumunci. Zumuncin ya kai faranti uku da ƙashin wuya.

Ina cin shinkafar nan ina kallonta da girmamawa. A duk taron ita ce ta san duniya. Daga Indiya ko Tailan ta taso, ta hau jirgin ruwa, ta sauka gaɓar teku, ta hau babbar mota ta ratsa ƙasashe, ga ta a gabanmu ba ta ce wa kowa uffan ba.

Da yamma dattawa suka kewaye rediyo ana kokawar takobi, gasar da Nijar ke yi tun 1975 wadda ke hana kowa sakat a wannan lokacin. Ɗan Ingila ya yi gyaran murya ya fara labarin jirgin da ke tafiya ƙarƙashin ƙasa. Ba wanda ya waiwayo. Sai da aka kayar da wani, ihu ya lafa, wani tsoho ya ce:

"Yaro, can ana noman albasa?"

Ya ce a kanti ake saye.

"To aikin mi kake yi?"

Ya ce yana kula da tsofaffi a gidan da ake ajiye su.

"Ɗiyansu ina sunka tahi?"

Ya ce suna wurin aiki.

Tsohon ya jinjina kai, ya ce: "Allah sarki. Kai kuma naka tsohon wa ka bar ma?" Aka ƙara wa rediyo murya.

Washegari Inna ta haɗa mana tsaraba: kowa rabin buhun albasa, da cuku, da ƙullin yaji. Alhaji ya cusa tasa cikin akwati mai taya, tayar ta karye tun a Malbaza, ya shigo Najeriya da ita a ka. Fasfon ya dawo yadda ya tafi, sai warin albasa. Uwargidansa ta buɗe akwati ta ce: "Wace ƙasa ce wannan da ba ta da turare?"

Bayan kwana biyu na same shi a kara yana danna waya da fara'a. Wani saurayi daga Kano ne ya biyo shi ta saƙo, yana roƙon a taimaka masa da hanyar samun bizar Galmi, ko aikin wanke-wanke ne zai yi. Na ce ya gaya wa yaron gaskiya. Alhaji ya ce zai gaya masa, amma sai ya fara turo kuɗin fom.