Wandon Haya a Yakushima

Duk wanda bai je Yakushima ba, yayyafi ya sani, ba ruwan sama ba. Tsibiri ne a kudancin Japan, a lardin Kagoshima, duwatsunsa kan sha ruwan milimita 8,000 a shekara. Don haka tun kafin asuba na cusa kaina cikin wandon ruwa na haya, mafi girma a shagon, wanda aka ɗinka wa mutanen da ba su taɓa cin tuwo ba. Muka bi tsohon layin dogon masu yankan katako za mu ga Jomon Sugi, bishiyar da ta haura shekara 2,000. Zuwa da dawowa kilomita 22 ne, tafiyar awa goma.

A hanya akwai Kututturen Wilson. Cikinsa kogo ne mai faɗin ɗaki, har da ɗan wurin bauta a ciki. Idan ka tsuguna a wani lungu ka ɗaga kai, bakin kogon zai fito maka da siffar zuciya. Aka yi layi, kowa tsit. Da aka zo kaina na ɗaga waya, na yi bismilla, na tsuguna.

Ɓaaarrr!

Jama'a, kogo ba ya riƙe sirri. Ƙarar ta bugi bango, ta dawo, ta sake zagayawa. Wandon ya rabu biyu daga tsatso har gwiwa, bai tafi shi kaɗai ba, ya ja na ciki. Na ji iskar dutse ta yi sallama inda ba a gayyace ta ba. Da ma dariya suka yi, da na samu sauƙi. Ina! Mutum goma sha wani abu suka ɗaga kai lokaci guda suna kallon zuciyar nan da ladabi, har da waɗanda daga inda suke ba a ganinta. Wata tsohuwa ma ta rusuna mini. Har yau ban san ko gaisuwa ce ko ta'aziyya ba.

Sai ga wani dattijo mai sanda biyu. Ya zagaya bayana, ya duba ɓarnar a tsanake, ya buɗe jaka ya miƙo mini filastar yatsa guda ɗaya da hannu biyu. Sannan ya yi wa wayarsa magana, ta fassara mini: "Ka tabbata babu kowa a bayanka."

Na ce, "Baba, hanyar fa layi ɗaya ce."

Ya yi dogon nazari, ya sake magana: "To, ka riƙa tafiya da baya."

Jomon Sugi na gan ta, ita ma ta gan ni. Mai niyyar zuwa, ka tafi da wandonka daga gida.