Bazazzagi da Farantin Maiƙo

Bawana Bazazzagi, labari ya iso mu Kano cewa na'urar nan taka mai buga kayan roba ta koma sana'ar taliya. Ka sa ta buga mariƙin waya, ka kwanta, da asuba ka tarar da zare ya cukurkuɗe kamar saƙar gizo-gizo. Ka zagi masu wuta, ka zagi wanda ya sayar maka, har ka kira ni kana cewa “na'uran ya lalace”. Ko jinsin na'urar ba ka gane ba, ina kai ina gyara ta?

Lafiyarta ƙalau. Yatsunka ne.

Da idona na ga ka gama da tsire, ka lashe ƙuli, ka dangwala hannu a tsakiyar farantin na'urar kana nuna min santsinsa. Shimfiɗar farko ita ce tushen ginin, kuma roba ba ta kama maiƙo. Ko ka ɗumama farantin zuwa digiri 60 da zaren PLA yake so, bakin na'urar na narkar da shi a wajen digiri 200, in akwai shatin yatsa a wurin sai gefe ya ɗaga, aikin ya kwance. Ga kuma ƙurar hunturu, kai ko tsumma ba ka rufa mata.

Bar farantin ya huce, ka cire, ka wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka tsane shi da ƙyalle mai tsabta, ka riƙe ta gefe kamar yadda ake miƙa wa sarki takarda. Wannan kam ai kun iya, mutanen fada. Tsakanin bugu da bugu, ɗan sifirit na isofirofil ya isa. Kada ka saci sinadarin goge jan farcen uwargida, asiton ne, yana cinye fatar PEI mai gurza-gurza da ke kan farantin.

Wuƙar nan kuma da kake ɓamɓaro aiki da ita, mayar wa mahauci abarsa. Farantin ƙarfe ne mai lanƙwasuwa: ya huce, ka ɗan tanƙwara, abu ya faɗo da kansa. In da zaren PETG za ka buga a kan gilashi, shafa gam tukuna, don yakan kama har ya ɓalle da ɓarin gilashin.

Ranar Asabar ina tafe da sabuluna. Ka tanadi kuɗin gyara, ka haɗa da kuɗin sharar bara da ka maƙale. Tsiren kuma ni zan ci, kai ka riƙe farantin.