Yadda Ake Zuwa Yankari a Dawo da Labarin Giwa

Baƙon da ya kwana a Bauchi da niyyar zaga karkara ya fara cika cikinsa da masa tun da sassafe, don ɗan jagora ba ya tsayar da mota saboda yunwar wani. Idan an biya da shi kabarin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, ya yi addu'a ya koma mazauninsa. Musun siyasa da direba a bar shi sai an dawo, tafiyar ta haura kilomita 100.

Hanyar Gombe za a kama, a karkata a Dindima, a yi ta wuce gonakin dawa da rumbuna da garken shanu. Duk sanda baƙo ya tambayi saura nawa, amsar ɗaya ce: “Ai mun iso, Alhaji.” Kada ya yarda. Ko daga ƙofar dajin Yankari da ke Mainamaji akwai sauran kusan kilomita 40 kafin sansanin Wikki.

A 1956 aka keɓe dajin, a 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara, amma har yau ba wanda ya sanar da giwaye cewa ana biyan kuɗi don a gan su. Jagora zai tsayar da mota, ya nuna tulin kashi a tsakiyar hanya, ya rage murya: “Ranka ya daɗe, da ɗuminsa. Yanzun nan suka wuce.” Ladabi shi ne baƙo ya jinjina kai ya ɗauki hoton kashin. Mai son ganinsu da gaske ya zo da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta kora dabbobi bakin kogin Gaji. Da damina ganye kawai zai kalla.

Gwaggon biri kam ba a nemansa, shi ke neman mutum. Ya san ƙarar leda, ya san motar da aka manta gilashinta a buɗe. In ya wafce burodi, a yafe masa duniya da lahira.

Sai a ƙarasa a maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai mai ɗumin digiri 31, dare da rana. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa yashi, kuma a bar mutum ɗaya a bakin ruwa yana gadin kaya, domin birai ba sa bambance jakar abinci da ta makullin mota.