Idan Lambu Ya Kamu da Ƙwannafi

An ce kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Wannan a cikin mutum ne. Ka zuba wa lambunka kanwa, gishirinta ya danƙare ƙasar, ka ga yadda alayyafo ke yaji.

Ƙasa kan yi tsami ne idan ruwan sama ya wanke ta, ko kuma mai lambu ya shekara da shekaru yana ɗura mata takin yuriya ba ji ba gani. A ma'aunin pH, yawancin kayan miya sun fi son 6 zuwa 7. Ya sauka ƙasa da 5.5, saiwa ta shiga uku.

Maganin shi ne farar ƙasa, amma wacce? Niƙaƙƙen dutsenta, irin wanda ake haƙa a Kalambaina da Ashaka don yin siminti, shi ne na masu hankali. Ba ya gaggawa, sai ya yi watanni yana aiki. Mai suna dolomait yana ƙara sinadarin magniziyam, to sai in ƙasar ce ta rasa shi. Ƙonanniyar da ake jiƙawa a shafe bango kuwa zafin rai gare ta, tana cin hannu, tana cin tsiro. Jifsam fari ne tas, sai dai tsami bai san da zamansa ba. Tokar murhu tana taimakawa, kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma gwanin da zai ce ai siminti ma daga dutsen ya fito. Gaskiya ne, Malam, amma daɓe za ka girba.

Kafin ka sayi ko mudu ɗaya, kai ƙasarka a auna.