Yadda Za Ka Tsira Daga Kwaslon Gidan Abinci

Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa da kaza a gidajen abincin zamani ya san ƙaramar robar nan da ake sakawa a gefe, ya kuma san fargabar ɗaga murfinta. A gida ɗaya sai ka ji wa yana rantsuwa cewa kwaslon wuri kaza ya fi kazar daɗi, ƙaninsa kuwa ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai kai baki ba, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne bai san daɗi ba. A ganina dukansu gaskiya suke faɗa, domin abin da suka ci ya bambanta: ɗaya ya dace da wanda aka haɗa ɗazu, ɗayan ya faɗa kan wanda ya wuni. Shawarwarin nan duk a kan wannan suka tsaya.

Na ɗaya, kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai zuba abincin, "Don Allah, ƙarfe nawa aka haɗa wannan?" Tambayar ba neman rigima ba ce. Kwaslo dai kabeji ne da mayonis. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kabeji ruwa ne, kuma da zarar an yanka shi an zuba masa gishiri da sukari, sai su shiga zuƙo ruwan nan waje. Mayonis kuwa mai ne da gwaiduwar ƙwai da ruwan khal da aka kaɗa har suka haɗe, don haka ruwan da kabejin ke tsatsowa shi ke tsinka shi ya koma tsululu. Ga kuma wani abu: kabeji na ɗauke da sinadarai masu farar wuta, waɗanda yanka ke tayarwa, shi ya sa wanda ya jima yake ɗan ɗaci da wani bashi-bashi. Yadda aka ƙanƙanta yankan, haka lalacewar ke sauri. Ke nan kwano ɗaya, hannu ɗaya, ma'auni ɗaya, amma na tsakar rana daban, na bayan isha'i daban.

Wani zai ce ai sha'ani ne na harshe, wani zaƙi yake so, wani tsami. Wannan gaskiya ne, kuma yana da tushe. Kwaslon KFC, kamfanin Amurka da ya buɗe a Legas a 2009, yankakke ne mitsi-mitsi, mai zaƙi. Mu kuwa tun kafin zuwansa, tun zamanin da gidan abincin Mr Bigg's ya fara a 1986, bakinmu ya saba da salak irin na biki, wanda ake yi da kirim ɗin salak na Ingila, irin wanda kamfanin Heinz ya fito da shi a 1914, mai ƙarancin mai da yawan tsami. Wanda ya tashi da wannan dole ya ji wancan kamar an zuba wa ganye alewa. Sai dai wannan saɓanin bai kai rabin hayaniyar da ake yi ba. Mai son zaƙi da mai son tsami duk suna son su ji ƙaras-ƙaras a haƙori, kuma babu ɗayansu da ke marmarin ganyen da ya yi laushi yana iyo. Abin da ya fi ɓata rai ma shi ne sukari yana rufe ɗacin kabejin da ya tsufa, sai mai saye ya cinye rabi kafin ya farga.

Na biyu, karkata robar ka duba gindinta. In farin ruwa ya gangaro gefe, mayar. In ka ce a ɗaure maka ka tafi da shi gida kuwa, to nan ne haƙuri ke ƙarewa. Wane ne ya fara koya wa masu zuba abinci su ɗora kwaslo a kan shinkafa mai tururi, su danne murfi, su ƙulle a leda? Abin da aka yi don a ci da sanyi, sai a turara shi tun daga kanti har ƙofar gida, a bayan babur, cikin ranar Afrilu da kan kai digiri 40 a Kano. Kafin ya iso, mayonis ya narke ya bi shinkafar, jalof ɗin ta yi fari-fari, kabejin bai dahu ba bai kuma zauna ɗanye ba. An lalata abu biyu a tafiya ɗaya, kuma kuɗin duka biyun aka karɓa. Hukumar aikin gona ta Amurka, wadda ke kula da lafiyar nama da ƙwai, ta ce kada abinci mai saurin lalacewa ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1 kacal. Mu da muke shafe watanni sama da wannan zafin, sai mu fi kowa sakaci?

Na san za a ce ɗan ganye ne na gefe, me ya kai shi ga tada jijiyar wuya. Amsar ita ce, a duk farantin nan shi kaɗai ne bai ga wuta ba. Kazar ta shiga tafasasshen mai, shinkafar ta dahu, shi kuwa yadda ya fito daga gona da hannun mai yanka haka zai shiga cikinka. A 1981, a gabashin Kanada, an samu ɓarkewar cutar listeriya da ta kama mutum 41, ta kashe 18, akasarinsu jarirai da 'yan tayi. Da aka bi sawu, sai aka tarar kwaslo ne, wanda aka yi da kabejin gonar da aka zuba wa takin tumaki masu ɗauke da cutar. Wannan ƙwayar cutar tana hayayyafa ko a cikin firji, balle firjin da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin a tada janareto. Mai juna biyu dai gara ta haƙura da duk kwaslon da ba ta san yadda aka wanke shi ba.

Na uku kuwa, a bar lissafin nan haka, domin sauran gyaran ba a hannun mai saye yake ba. Masu gidajen abinci za su ce ba zai yiwu a haɗa wa kowane mutum nasa ba alhali layi ya kai bakin ƙofa. To, mai kwaɗon zogale a bakin kasuwa ba ta da firji ba ta da injin yanka, amma zogalenta daban, garin ƙulinta daban, sai ka zo ta haɗa a gabanka, kuma layinta bai tsaya ba. Kabejin da ke fitowa daga Farin Gada a Jos ko 'Yankaba a Kano lafiyayye ne, a kicin ake kashe shi. A wanke shi da ruwa mai tsabta, a barbaɗa masa gishiri a matsami ya tsane kafin a haɗa, a ajiye mayonis gefe cikin sanyi, a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, a ba shi robarsa daban da ta shinkafa. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar sabon inji ko ƙarin ma'aikaci.

Ku masu gidajen abinci, don Allah ku rubuta lokacin da aka haɗa a kan murfin kowace roba, wanda ya wuni kuma ku zubar. Kai kuma mai saye, in ka tambaya aka kasa gaya maka ƙarfe nawa, karɓi shinkafarka da kazarka ka bar musu kwaslonsu.