Sana'ar Faci a Kwamfuta: Shawarwari Bakwai ga Mai Son Wahalar da Ba a Biya

Duk wanda ƙusa ta taɓa sace masa iskar babur a hanyar Kademi zuwa Gaya, rana tsaka, ya san mai faci ba ƙaramin mutum ba ne. To, masu rubuta manhajar kwamfuta ma suna da nasu masu facin, kuma sunan aikin bai canza ba: ɗan gyaran da ake aikawa don toshe ɓaraka a manhaja, faci ake ce masa. Bambancin kawai shi ne namu na bakin titi in ya gama ana miƙa masa kuɗi, su kuwa in sun gama sai a ce su sake.

Ga inda sana'ar ta samo asali. Kamar yadda kowace kasuwa take da kwanon awonta, haka kowace na'ura take da nata halin. Manhajar da ta yi lafiya lau a Linux sai ta je Windows ta turje, ta je macOS ta yi ɗingishi, ta je Solaris ko AIX ta kwanta. Mutanen shirin GNU, wanda Richard Stallman ya sanar da kafa shi a 1983, da suka gaji da kowa yana gyara matsala iri ɗaya a gidansa, sai suka gina rumbu guda suka sa masa suna Gnulib. Duk dabarar da aka gano ta lallashin wata na'ura sai a zuba a ciki, manhajoji irin su Emacs da tar da grep su zo su ɗiba. Aikin gayya ne, sai dai babu kiɗa, babu fura. In kana sha'awar shiga, ga shawarwarina, kyauta.

Na ɗaya: ka daina cewa "ai a wajena yana aiki"

Wannan magana daidai take da mai rijiya ya ce babu fari a duniya tunda shi yana da ruwa. Kwamfutarka da ka kai caji shagon bakin kasuwa ba ita ce duniya ba. Windows tana raba sunayen fayil da sandar da ta jingina baya, sauran kuma da wadda ta jingina gaba. Ka sa wa fayil suna "aux" a Linux ka kwana lafiya, Windows kuwa ta ce sunan nan na gidansu ne, ba a taɓawa. Ka roƙi na'ura wurin ajiya na sifili, wata ta miƙo maka kwano wayam, AIX kuwa ta ce babu kwanon ma. Aikinka shi ne ka sasanta su duka, kamar mai unguwar da aka kawo wa rabon gadon gida mai mata huɗu.

Na biyu: huda ɗaya, faci ɗaya

Mai facin da aka kawo wa taya ya kwance inji, ba za a sake tsayawa a rumfarsa ba. In ka ga kuskure a layi uku, gyara layi ukun. Kada zumuɗi ya ɗebe ka ka ce bari ka share gidan gaba ɗaya, don garin neman gira ake rasa ido. Sannan ka rubuta abin da ka taɓa da dalilinsa a littafin tarihin canje-canje. Ka kuma sani cewa a ƙa'idar rubutun GNU, bayan kowace aya a cikin bayani ana barin fili biyu ne, ba ɗaya ba. Kana iya kwana uku kana farautar kuskuren da ya gagari ƙwararru, a dawo maka da facinka saboda fili guda. Kada ka yi fushi. In kuma gudummawarka ta wuce layi 15 ko kusa da haka, sai ka sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka ga gidauniyar FSF. Wato kyauta za ka bayar, kuma sai ka cike takarda kafin a karɓa.

Na uku: ka koyi zaman majalisa

Ba a shigar da faci sai an baje shi a faifai. A majalisar Gnulib akwai waɗanda suka yi shekara da shekaru a kan aikin, irin su Bruno Haible da Paul Eggert da Jim Meyering. Eggert ɗin nan shi ke kula da kundin lokutan duniya, wanda ta dalilinsa agogon wayarka ya san ƙarfe nawa ne a Ajingi. Saboda haka ka yi sallama, ka tuɓe takalmi. Kada ka shigo da "abinku ba ya aiki, ku gyara yanzu", kamar maras lafiyar da likita ya tambaya me ke damunsa ya ce jikin ne dai. Faɗi irin na'urarka, abin da ka buga, abin da ka zata, da abin da ya fito. Wani zai ce facinka ya karya wata tsohuwar na'ura da ko hotonta ba ka taɓa gani ba. Ka ce ka gode, ka gyara. In ka aika na biyu aka ce saura kaɗan, ka sha ruwa ka aika na uku. Wanda ya kai na biyar bai zagi kowa ba, ya zama ɗan gida.

Na huɗu: ka shigo da lanƙwasarka

Nan ne namu yake. A tsarin UTF-8 da yawancin intanet ke tafiya a kansa, harafin k gurbi ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne gurbi biyu. Manhajar da ba ta waye ba sai ta ƙirga "ƙasa" ta ce haruffa biyar ne, in wuri ya ƙure mata ta datse ƙ a tsakiya, ka ga alamar tambaya ta yi zaune a farkon sunanka. Wata kuma ta ga lanƙwasar ta dame ta, ta aske. Ka rubuta wa maiɗaki cewa baƙi na nan tafe, saƙo ya isa da cewa baki na nan tafe. Duk da dai, in lokacin cin tuwo suka zo, manhajar ba ta yi ƙarya ba. Ga kuma ɗigon sama na Sa'adu da Rabi'u, wanda fom da yawa ke yi wa kallon ɗan fashi. Ga mu a Najeriya muna rubuta 'y, 'yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴ. A rumbun Gnulib akwai sassan sarrafa haruffan Unicode, amma mai zaune a Jamus ba zai yi mafarkin bambancin ƙafa da kafa ba. Ciwon da ba a kai asibiti ba, ba a rubuta masa magani.

Na biyar: ka tanadi abin tsorata mutane

Kowace sana'a tana da dodonta, naka shi ne 2038. Na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙu ne tun daga 1 ga Janairu, 1970, kuma tsofaffin cikinsu ƙirgarsu ba ta wuce 2,147,483,647. Tulun zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 4:14 na dare agogon Najeriya, ko kiran assalatu ba a yi ba. Daga nan na'urar ta wayi gari a watan Disamba na 1901, Sarki Alu yana kan karagar Kano, Turawa ba su ci birnin ba tukuna. Gnulib na da sashe na musamman don wannan. Duk wanda ya ce aikinka zaman banza ne, ka karanta masa waɗannan lambobi a hankali, kana girgiza kai.

Na shida: ka kula da baƙo mai yawan kirki

Akwai wata manhajar matse fayil mai suna xz, wadda Lasse Collin ya daɗe yana ɗawainiya da ita kusan shi kaɗai. Sai ga wani mai kiran kansa Jia Tan, ya yi wajen shekara biyu yana kawo faci masu kyau, har aka ba shi makullin rumbunta. Ashe ƙofar baya yake haƙawa don a riƙa shiga na'urorin mutane. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, asiri ya tonu. Rabin daƙiƙa! Mu da muke hawa tudu neman sabis, da an yashe mu muna cewa yau kam intanet na gudu. Darasin dai shi ne ka karanta kowane faci, ko na amininka ne.

Na bakwai: kada ka jira tafi

In komai na tafiya daidai, babu wanda ya san da kai. In abu ya lalace, sunanka na nan a littafin tarihi tare da kwanan wata. A gida kuwa, Inna za ta ci gaba da gaya wa maƙwabta cewa kana nan kana danne-danne.

Tarihin baka ya ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka taso, neman tama ya kai su. Ke nan gyaran kayan aikin jama'a gadonmu ne a wannan yanki. Ɗalibanmu na jami'ar Wudil da ta Bayero, ba sai kun fara da babban abu ba. Yau ɗin nan ku buɗe wata manhaja ku rubuta "ƙwarya" da "ɗanwake", ku ce ta mayar da su manyan baƙaƙe. In ta kasa, kun samu hudarku ta farko. Sai a ɗauko gam.