Jinjina ga Karsana, Birnin Talakawa

Gaishe ki Karsana, amaryar Abuja, 'yar lelen hukuma, ƙanwar Gwarimpa kuma maƙwabciyar Kubwa, mai bene bisa bene, mai kyan gani tun daga kan takarda. Tun ranar da Shugaba Tinubu ya aza harsashinki a watan Fabrairun 2024, aka shelanta wa duniya cewa gidaje 3,112 za su tashi a cikinki da sunan Birnin Sabunta Fata, talakan Najeriya ya huta da tunanin makwanci. Albishirin ya isa har ƙarƙashin gada, ya isa tashar mota da bayan kasuwa, duk inda bawan Allah yake shimfiɗa kwali ya kwanta. Kowa ya ji cewa an tuna da shi.

Ba yau aka fara tunawa da shi ba, kuma wannan shi ne abin alfaharin gidan da kika fito. Ke jikar alkawari ce, tsatson manyan alkawura waɗanda ba su taɓa tsufa ba saboda ba a taɓa wahalar da su da cikawa ba. Gwamnatin Shagari ta ɗauki alkawarin gidaje 40,000 duk shekara, aka kafa wasu a bayan gari, nesa da ruwa da hanya da hayaniyar jama'a, inda ciyawa da ƙadangaru suka samu matsuguni mai inganci na shekaru. A 1991 aka fito da manufar gida ga kowa kafin shekara ta 2000. A 1994 aka yi shelar gidaje 121,000, mutane suka yi rububin biyan kuɗin kafin alƙalami, aka gina ɗan abin da ya sauƙaƙa, sauran aka bar wa jama'a a zukatansu, inda rufi ba ya yoyo kuma bango ba ya tsagewa. Shekara ta 2000 ta zo ta gaishe mu ta wuce. Wace ƙasa ce a duniya ta riƙe alkawari ɗaya da aminci haka, tana miƙa shi daga gwamnati zuwa gwamnati, ana sake masa suna da hula, ba tare da ya ragu da ko ƙwaya ba?

Sai dai babu inda darajarki ta fi bayyana kamar a farashi. Ministan gidaje da bakinsa ya bayyana cewa gida mai ɗaki ɗaya, irin wanda 'yan kasuwa ke ginawa da haɗin gwiwar gwamnati, ya kai wajen naira miliyan 22, alhali wanda gwamnati ta gina da kuɗin kasafi a jihohi irin su Katsina da Sakkwato da Gombe da Yobe yana tsakanin miliyan 8 zuwa 9. Ke kuwa, ranki ya daɗe, ba a haɗa ki da masu araha ba, kina sahun farko. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara. Ke nan masinja ko mai shara a ma'aikata, in ya daina ci, ya daina sha, ya daina hawa mota, ya yafe wa kansa ciwo da sutura da haihuwa, cikin shekara 26 da 'yan watanni zai karɓi makullinsa. Dubi irin tarbiyyar da aka cusa cikin lissafin nan! Malamai sun yi ta wa'azin gudun duniya shekara da shekaru ba a ji ba, sai ga ma'aikatar gidaje ta koyar da shi a layi ɗaya.

Wanda ya gaza wannan azumi ma ba a manta da shi ba. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci ana zubawa a ciki, tun kafin kuɗin ya taɓa hannunsa, don a raba shi da wahalar yanke shawara. Daga asusun ake ba da lamuni, kuɗin ruwa kashi 6, biya har shekara 30, da sharaɗin kada abin da ake cira ya wuce sulusin albashi. Sulusin 70,000 bai kai 24,000 ba. A tara shi wata 360, ko ba a ɗora ruwa ba, bai kai miliyan tara ba. Da haka doka ta kare ƙaramin ma'aikaci daga masifar bashi: ya ba da nasa kason duk wata, manyansa su ɗauki nauyin cin bashin, shi kuwa ya kwana da sakakkiyar zuciya a ɗakin haya. Ga lada ga kwanciyar hankali. Neman gidan ma ta intanet ake yi, babu layi babu turereniya, don kada birkila ya bar aikinsa ya zo ya tsaya a rana.

To, amarya ba ta faɗo daga sama ba, tana da unguwa, unguwar kuma tana da tarihi mai ƙamshi. A Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Aguda, aka yanki ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000 a tsakiyar Najeriya, aka ce ga wurin da ba na kowa ba, don ya zama na kowa. Mutanen da aka tarar a wurin, Gbagyi waɗanda muke kira Gwari, da Gade da Koro da Gwandara da Bassa da Ganagana, sun samu ɗaukakar da ba a taɓa yi wa wata al'umma ba: an wayi gari an sauke musu nauyin mallakar gonakin kakanninsu. Manomin da ya saba tashi da asuba ya yi kunyar doya, matarsa ta saɓo itace a kafaɗa, yanzu yana iya tsayawa a bakin titi ya kalli gonarsa ta zama shataletale mai furanni, ana shayar da ita da mota.

Da fari an yi niyyar kwashe su gaba ɗaya a biya su diyya. Da aka buga lissafi aka ga kuɗin ya yi yawa, sai aka tausaya wa baitulmali, aka bar mafi yawansu inda suke har zuwa ranar da za a buƙaci wurin. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja. Mutanen Maitama aka kai su Kubwa. Sunayen garuruwansu kuwa aka riƙe, aka wanke, aka rubuta a alluna masu sheƙi, har yau ɗan Maitama na asali yana iya faɗin sunan garinsu a ko'ina a ɗauke shi attajiri. A Jibi an gina wa wasu ƙauyukan gidajen sake tsugunarwa, da aka gama aka ga sun yi kyau ƙwarai, sai aka zuba jami'an tsaro a ciki. Kuma kada wani ya ce ba a saka wa mutanen nan ba. Hoton Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane 'yar wannan ƙasa, yana nan a bayan takardar naira 20, kuɗin da yanzu ba mai kashe shi, sai ajiya don girmamawa.

Da gwamnati ta tare a Disambar 1991, sai sabon ayari ya kwararo: leburori da magina da kafintoci, masu shayi da masu gadi da masu wankin takalmi, daga Kano da Katsina da Zamfara da Maraɗi da kowace kusurwa. Su suka ɗauki kwanon sarki suka zuba dakin kowane bene da ake taƙama da shi. Da yake tsarin birnin ya fi ƙarfin ya tanadar musu wuri, sai suka tanadar wa kansu, birnin kuma ya yi haƙuri da su har suka gama aiki. Daga 2003 zuwa 2007 aka zo da jan fenti da katafila, aka bi Idu-Karmo da Chika da Aleita da ire-irensu, aka 'yantar da dubban ɗaruruwan mutane daga ƙuncin gidajen da suka gina da guminsu. Katafila, sarauniyar adalci, mai zuwa da sassafe don kada ta ɓata wa kowa yini, wadda ba ta bambanta bangon ɗaki da na makaranta. A 2006 aka hutar da 'yan acaɓa daga shiga tsakiyar gari. A Oktoban 2024 ministan birnin ya ba mabarata wa'adi su bar tituna, don kada baƙo ya shigo ya yi zaton akwai mai jin yunwa. Wannan ita ce zuriyar da kika gada, Karsana: birnin da ya ƙaunaci talaka har ya kasa jure ganinsa cikin wahala.

Abubuwan more rayuwa na yankinki kuwa, harshe ya yi kaɗan. Ga madatsar ruwa ta Usuma can wajen Ushafa, ba nisa, shimfiɗe tsakanin duwatsu, wadda yawancin unguwannin gefen birni ke jin labarinta da girmamawa. Da an ja bututu zuwa kowane gida, ina mai ga-ruwa zai sa kansa? Dube shi da hantsi yana tura kura cike da jarkoki daga rijiyar burtsatse, silifas ɗinsa ɗaure da waya, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yana tokare taya da dutse a kan gangara don ya sha iska. Wannan ma'aikaci ne da hukuma ta samar wa aiki ba tare da ta ɓata takarda ko ɗaya ba. Wutar lantarki an raba ta aji-aji kamar makaranta, 'yan ajin farko aka ninka musu kuɗi fiye da sau uku a Afrilun 2024, sauran azuzuwan aka bar musu taurari da kiɗan janareton maƙwabci. Ga jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka gina da bashin China, aka buɗe a 2018, ya yi aikin shekara biyu, aka ba shi hutun shekara huɗu don kada ya tsufa da wuri, aka sake buɗe shi a 2024 da sabon biki. Jirgi ɗaya, buɗewa biyu.

Wanda rabonsa bai kai ga zama cikinki ba, yana da Nyanya da Mararaba da Masaka, yana da Zuba da Suleja, garin da ya ba da sunansa na Abuja kyauta ya karɓi cunkoso tukuici. Daga can ma'aikaci ke fitowa kafin kiran assalatu, ya yi sallar asuba a bakin titi, ya shiga motar da aka yi don mutum huɗu su shida, ya samu awa biyu cur na zikiri da nazari a cikin gosulo. 'Ya'yansa suna barci ya fita, suna barci ya dawo, ba rigima ba ƙorafi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma, kuɗin mota ya ɗauke masa nauyin tunanin yadda zai kashe albashi.

Tsarin ginin kansa abin a yaba ne. An duba iyalin mutumin Arewa, mai mata da 'ya'ya bakwai da tsohuwa da ƙanin da ya zo neman aiki, aka ga abin da ke raba kansu shi ne yawan fili, sai aka haɗa su a ciki da falo a hawa na uku. Babu zaure, don haka babu baƙon da zai zo ya zauna har a kawo tuwo. Babu tsakar gida, uwargida ta huta da shara da shanya da daka, gama turmi ɗaya a saman bene ya isa ya tara maƙwabta. Akuyar da ake kiwo don ranar ciwo ko kuɗin makaranta an sallame ta da godiya.

Masu hassada suna cewa gidajen Abuja da yawa babu kowa a ciki. Ai wannan shi ne cikar martabar gida. Mutum ne ke lalata gini: ya kafa ƙusa, ya sa hayaƙi, yaro ya zana bango da gawayi. A zaga Asokoro da Guzape da Katampe da dare a ga manyan gidaje sun yi tsit cikin kamala, ɗaki goma goma a kulle, ga mai gadi a ɗan akurkinsa na bakin ƙofa, da tabarma da buta da rediyo, iyalinsa suna can ƙauye, shi kaɗai yana more iskar unguwar manya kyauta. Shi ne talakan da aka yi wa alkawarin gida, ga shi kuwa an ba shi har da ƙofar ƙarfe. A Disambar 2024 kotu ta ƙwace rukunin gidajen bene 753 a Lokogoma, waɗanda hukumar EFCC ta danganta da wani tsohon babban jami'in gwamnati, daga baya aka miƙa su ga ma'aikatar gidaje. Ana ta kukan ƙarancin gidaje, wasu su ce miliyan 17, wasu su ce 28, ga bawan Allah guda ya tashi tsaye ya magance wa kansa matsalar sau 753. Da kowane ɗan ƙasa yana da himma irin wannan, da tuni an rufe ma'aikatar.

Saboda haka muna da 'yar buƙata, mu masu kallo daga bayan shinge, a isar mana ga masu abin. Leburorin da ke kwana a kangonki kan buhunan siminti, a sallame su da zarar an shafa fenti na ƙarshe, kada su saba da wurin. Ranar yanke ƙyalle a kafa rumfuna, a kawo makaɗa, a ɗauko mata da matasa a motoci daga Mararaba su yi tafi, a mayar da su kafin magariba saboda hanya. In an zo gina na gaba, a ƙara masa nisa kaɗan, a ƙara masa kuɗi daidai da darajarsa, kuma don Allah a sake sa masa sunan talaka.